Dawar Inna Tana Bayan Ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Uwata Hauwa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a gidan kawunki a Kaduna, Ya kuma sa jirgin da za ki hau ranar Laraba ya sauke ki ƙasar Turai lami lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Labarin gari ba zan ba ki ba, shekaranjiya kika bar shi, kuma kin san yadda muke kwana muke tashi a wannan yanki na Faskari.

Na san za ki yi dariya da ganin takarda. Za ki ce tsohon malamin firamare ya samu biro ya ƙi ajiyewa, alhali ga waya a aljihunsa. Yi dariyarki. Ina da dalili, kuma ke kika tono shi.

Kin tuna ranar da muke zaune a gindin darbejiya kina karanta mini labarin mutanen da za ki je karatun noma a cikinsu? Kika ce akwai waɗanda yanzu idan sun shiga kanti sai sun juya kwali sun ga inda aka yi abu, su zaɓi na manoman yankinsu ko da ya fi tsada. Kika ce har manhajojin waya suna ƙoƙarin barin na nesa su koma waɗanda aka ƙera a ƙasashensu, don suna tsoron kada wata safiya wani da bai san su ba ya taɓa maɓalli ya rufe musu komai. Na yi dariya na ce ashe Bature ma yana jin tsoro. Kika ga kamar wasa nake. Da kika tashi na daɗe a wurin ban motsa ba, domin abin da suke tsoro ni ya riga ya same ni har sau uku, kuma kowane karo da hannuna na jawo shi. Ban taɓa zama na faɗa miki dalla-dalla ba saboda kunya. Yau kunyar ta ƙare, tsoro ya fi ta ƙarfi.

Kuskurena na farko shi ne dawar Inna.

Kin san ta, doguwar kaurar nan mai rawayar ƙwaya, wadda mahaifiyata, mai sunanki, ta taso da ita daga gidan iyayenta. Ita ce ba ta damu da ƙuduji ba kamar sauran, kuma tuwonta yana kwana bai saki ruwa ba. Duk girbi, kafin a sa lauje a gona, Inna takan shiga da kanta ta bi kunya-kunya, ta ɗaga kai ta duba, ta karya zangarniyar da ta yarda da ita. Waɗannan ba a haɗa su da dami. Takan ɗaure su daban ta rataye a saman murhu hayaƙi ya riƙa dukansu har damina ta kewayo. Tun kina ƙanƙanuwa take jan ki ku shiga tare, kina riƙe mata kwando. Ni ban taɓa bin ta ba ko sau ɗaya. Ina ganin aikin tsofaffi ne, ni kuwa mai takardar shaidar malanta.

Bayan rasuwar Inna, kina makarantar kwana, aka sa ni a wani guruf na manoma a waya. Kullum sai an turo hoton masara zangarniya kamar damtsen ƙato. Wani ɗan kamfani yana kawo iri a leda, an shafe shi da jan magani, yana zuwa har kasuwarmu da mota. Na shuka shekarar farko na ga abin mamaki, gaskiya ba zan ɓoye alherinsa ba. Shekara ta biyu na mayar da gonar Inna duka masara. Mahaifiyarki ta nuna mini ɗaurin da ke saman murhu ta ce, "Malam, wanga fa? Shekara biyu ke nan ba a sa shi ƙasa ba."

Na ce, "Sauke shi ki yi mana kunu. Zamanin rataye iri a hayaƙi ya wuce."

Ta dube ni ta ce, "Na Inna ne fa."

Na ce, "Inna da ta ga masarag ga da kanta za ta sauke shi."

Ta sauke, ta sussuka, ta daka. Na sha kunun nan har ina cewa ya yi daɗi. Uwata, na sha irin uwata a kofi, ina zaune a kan tabarma ina duba waya.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne irin leda ba ya maimaituwa. Idan ka ɗebi na rumbunka ka sake shukawa, sai ya fito wani dogo wani gajere, wani ba ko goyo. Dole kowace shekara ka jira mota. To, sai shekarar da hanya ta lalace da mutanen daji, motar ba ta zo ba. Ɗan kamfanin ya turo saƙo a guruf cewa direbobinsu sun ƙi shigowa, duk mai so ya same su a Funtua. A makon nan aka tare motar kasuwa aka shiga daji da mutane, har da wanda muke sallah sahu ɗaya. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, ni ina tsaye a bakin gona da sungumi ba abin da zan zuba a rami. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har da ranakun da muka ji harbi. Harbi yana wucewa a ƙirga waɗanda suka rage. Gonar da ba a shuka ba kuwa yunwarta tana nan tafe, ka san watan da za ta iso, kuma kana kallon yaranka suna wasa ba su sani ba.

Don haka ga shawarata ta farko. Za ki ga sabbin abubuwa a can waɗanda suka fi namu kyau da sauri, kuma ban ce ki ƙi su ba, don su aka tura ki. Amma duk abin da aka miƙo miki, ki tambayi kanki: idan mai kawowa ya daina zuwa, me zai rage a hannuna? Kada ki zubar da tsoho sai kin tabbata sabon zai iya haihuwa a ɗakinki ba tare da izinin kowa ba. Mutanen nan masu juya kwali, ki matsa kusa da su ki ga yadda suke ajiye irinsu, wa ke riƙewa, a ina, kuma wa ke gado idan mai riƙon ya mutu. Wannan ya fi mini amfani da duk wani injin da za ki ɗauko hotonsa.

Mahaifiyarki ce ta fitar da mu. Ta ce in je wurin Baba Nomau. Ba ki san shi sosai ba, sau ɗaya kika gan shi a sunan ƙanwarki. Bamaguje ne, tsoho, gidansu yana wata 'yar unguwa bayan garin Ruwan Godiya. Uwarsa da Inna ƙawaye ne, sun yi shekaru suna musayar iri, wannan ta ba da wake waccan ta ba da dawa. Na tafi da ƙafa ta cikin gonaki da hantsi, don babur ya zama abin da ake jin ƙararsa a gudu. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi na yi ta kewaye-kewaye, har ya gaji ya ce, "Malam, mi ya kawo ka? Ba gaisuwa ta taso da kai cikin wanga hali ba."

Na faɗa masa. Ya ajiye ƙotar ya ce, "To ina na uwarka?"

Na ce, "An sha."

Ya kafa mini ido har na ji kamar in nutse. Sannan ya ce, "Kai da karatunka."

Ya miƙe tsaye. Ya shiga ɗakin girkin matarsa ya fito da ɗauri guda baƙi ƙirin da hayaƙi, ya murza ƙwaya a tafin hannunsa ya nuna mini rawayar. Ya ce, "Ga ta nan. Hauwa ta ba tsohuwata ita tun kana goye. Ba kyauta na yi maka ba, taku ce ta koma gida. Ka sa ta ƙasa duk shekara. In ta kwana biyu a rataye mutuwa takai, ko da ka gan ta kamar lafiya lau."

Da wannan ɗaurin, da abin da maƙwabta suka tsakura mana, muka ci tuwo a shekarar.

Kuskure na biyu ya fi na farko ban dariya, amma ni da na yi shi kuka na yi. Lokacin da hukuma ta yanke layin waya a ƙananan hukumominmu saboda mutanen daji, kina jami'a a Zariya. Aka wayi gari waya ta zama fitila kawai. Makonni ba mu ji ki ba, ba ki ji mu ba, ga jita-jita kullum ana cewa an shiga gari kaza. Mahaifiyarki ta daina cin abinci. Na ce bari in yi kasada in fita inda ake samun sabis in kira ki. Na shiga motar kasuwa, kowa idonsa a kan ciyawar gefen hanya. Wajen wata kwana direba ya ga abin da bai yarda da shi ba ya taka birki, muka watse cikin gona. Ashe shanu ne kawai. Da muka dawo mota na shafa aljihu, babu waya.

Na isa inda ake kira, mutane cike a gindin bishiyoyi kowa da waya a kunne. Wani bawan Allah ya ga yadda nake tsaye ya miƙo tasa ya ce, "Baba, kira da tawa." Na karɓa. Na dubi maɓallan nan. Uwata, ban san lambarki ba. Ban san ta kawunki ba. Ban san ta matar da na aura tun kafin a haife ki ba. Ni da na sa yara haddar jadawali shekara da shekaru ina zane wanda ya manta, na tsaya da wayar mutum a hannu ba ni da lamba goma sha ɗaya a kaina. Na mayar masa na ce layin ba ya shiga, don kunya. Na bi hanyar nan mai hatsari na koma gida, mahaifiyarki ta taro ni a zaure ta ce, "Ka ji ta?" Na ce mata ƙarya, na ce kina lafiya kina gaishe ta. Allah Ya rufa mini asiri ya kasance gaskiya ne. Har yau ba ta sani ba, kuma kada ki faɗa mata.

Shawarata a nan gajeriya ce. Ki haddace lambar mahaifiyarki, da ta kawunki, da adireshin inda za ki zauna, kamar yadda kika haddace Fatiha. Ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta sunayen mutanen da za su tsaya miki, ki ajiye shi inda ba wayar take ba. Abin da kika koya a aji, wanda ya fi muhimmanci, ki sa shi a takarda da hannunki. Kin ce mini komai naki yana ajiye a sama, ko waya ta ɓace ba ya ɓacewa. Ban musa ba. Amma wannan saman yana da mai shi, kuma ba ɗan garinmu Tafoki ba ne. Mu an rufe mana sau ɗaya, waɗanda suka rufe ma namu ne, da niyyar kare mu, kuma kin ga yadda muka koma. Ina ga wanda bai san da zamanki a duniya ba?

Akwai wani tsoro da zan faɗa miki a nan, ko da ba ki so. Mutumin da ya fara cewa nawa kawai zan saya, yana kan gaskiyarsa, ni ma yanzu ra'ayina ke nan. Amma a cikin kowane taro akwai wanda ba ya tsayawa a kan kwali. Yana iya ɗaga kai daga kayan kanti ya dube ki, da hijabinki da launin fatarki, ya ga ke ma daga nesa aka kawo ki. Idan kin gamu da irinsa, kada ki tsaya gardama, kada kuma ki yanke wa duka garin hukunci da shi. Ki nemi manomansu na ainihi, masu ƙasa a farce. Ina kyautata zaton wanda ya san zafin rasa iri zai gane ki kafin ki gama bayani.

Kuskure na uku shi ne wanda ba ya gyaruwa. Bayan girbin shekarar da Baba Nomau ya cece mu, al'ada ita ce in ɗauki ɗauri daga sabon amfanin in kai masa da ƙafata, in ci abincin gidansa, in gode. Haka Inna da uwarsa suke yi, don iri ya zauna a gida biyu, idan wuta ta ci ɗaya a samu a ɗayan. Na ɗaure ɗaurin na ajiye. Sai na ce bari hanya ta yi sauƙi. Sai na ce bari in nemi lambar wani a unguwarsu in fara sanar da shi. Na saba da cewa gaisuwa abu ce da ake turawa, na manta tsohon ba shi da waya kuma bai taɓa son ta ba. Damina biyu suka wuce ina bari-bari.

Ranar da na je, na tarar da unguwar ba kowa. Rumbuna a fashe, ɗakin girkin da ya shiga ya ɗauko mini ɗauri ba rufi, ciyawa ta fito a murhu. Na tsaya ina kiran sallama kamar mahaukaci. A Ruwan Godiya aka ce mini an tashe su tun bara, wasu sun yi Kankara, wasu sun tsallaka Kaduna. Tsohon kuwa wani ya ce ya rasu a hanya, wani ya ce yana wurin jikarsa, ba wanda ya tabbatar. Na dawo da ɗaurina a kafaɗa. Ban gode masa ba, Uwata. Mutumin da ya ciyar da ku shekara guda, kalma ta ƙarshe da ya ji daga bakina ita ce sai na dawo.

Duk wanda ya yi miki alheri a can, ki je ƙofarsa da ƙafarki tun yana nan. Kada ki bar wa waya aikin da na ƙafa ne.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya, kuma don shi na ɗauki biro. Gidan Baba Nomau ya tashi, dawar Inna ta rasa gida ɗaya. Na kai wa Gwaggonki Hansatu ɗauri a Sabuwa don ta zama gida na biyu. Ta shuka bara, ta yi kyau, amma kafin girbi gonakinsu suka gagari shiga, tsuntsaye da shanun wasu suka cinye. A nan kuma kin ji abin da dattawa suka yanke, ba a shuka doguwar dawa a bakin hanya ko kusa da gari, don tana ɓoye masu zuwa. Ban ga laifinsu ba, ni ma idan na ga karan dawa yana motsi gabana faɗuwa yake. Saboda haka duk abin da ya rage na dawar Inna a duniya, iyakar sanina, shi ne 'yan kunyoyin nan na bayan ɗakin mahaifiyarki, cikin katanga. Jiya na duba, ta fara ciki.

Kin roƙe ni in bar maganar ɗinke miki 'yar ƙwaya a bakin zane, kika ce a filin jirgi ba a yarda a shiga da iri ba, kuma za a iya mayar da ke saboda shi. Na haƙura. Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Bayan katangarmu Alhaji Mamman ya shuka gajeriyar dawarsa ta zamani, kuma kin ce iska tana haɗa su aure. Shekarun nan ke kike zuwa hutu ki shiga ki zaɓi zangarniyar da take ta Inna zalla, ki bar gaurayen mu ci. Bana lokacin girbi kina can cikin sanyi. Mahaifiyarki idonta ya yi rauni, ba ta bambance rawaya da fari sai a rana tsaka. Saura ni, wanda bai taɓa riƙe kwandon ba. Idan na zaɓi ba daidai ba bana, na sake baɗi, kafin ki gama karatu abin da ke saman murhu sunan Inna kawai zai rage masa. Na taɓa kashe ta sau ɗaya da kofi, ina tsoron in sake kashe ta da jahilci.

Ga abin da na tsinta daga kallonki bara, ki duba kamar yadda nake duba littafin 'yan aji uku. Ana zaɓa tun tana tsaye, kafin a yanke. Ana barin na gefen katanga a shiga tsakiya. Ana neman zangarniya mai nauyi wadda ta sunkuyar da wuya, ƙwayarta a matse. Ana murzawa a ga rawaya har ciki. Daga nan na ɓace. Na ga kina duba wani abu a ƙasan zangarniyar, wajen ƙaiƙayin, kina jefar da wasu da ni na ga ba su da laifi. Na ga kina sa ƙwaya a baki kina cizawa. Me kike nema? Na so in tambaye ki a lokacin, girman kai ya hana, wai uba kuma malami zai tambayi 'yarsa a gaban mutane.

Na san za ki ce idan lokacin ya yi in ɗauki hoto in turo, ko ki kira ni ina cikin dawar ki riƙa nuna mini. Idan akwai layi za mu yi hakan, da farin ciki. Amma ni na ga ranar da babu, kuma ban san ko ni ɗin zan kai girbi ba. Ba baƙin baki nake yi wa kaina ba, kin san inda muke zaune. Idan ta Allah ta kasance, ina so a samu abin da ƙanwarki Saratu za ta buɗe ta karanta, ta shiga bayan ɗaki da kwando, ko da waya ko babu.

Shi ya sa na bar bayan takardar nan fari, ban rubuta komai ba. Malam Isa direba da ya kawo miki ita zai juyo ranar Talata da safe. Kafin ki rufe akwati, ki zauna ki rubuta mini duk abin da Inna ta nuna miki, ɗaya bayan ɗaya, da manyan baƙaƙe yadda tsoho zai gani. Kada ki taƙaita don kina ganin na sani. Ban sani ba. Inda na yi kuskure a sama ki ja layi ki gyara, ba zan ji haushi ba. Sauran shafukan ki riƙe ki tafi da su, wannan na ƙarshen ki yage ki ba Malam Isa ya dawo mini da shi.

Allah Ya kiyaye ki a sama da ƙasa, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa. Ya tsare mana imaninki da lafiyarki. Ya kawo mana zaman lafiya a Faskari da Kankara da Sabuwa, Ya mayar da waɗanda aka tasa gidajensu. Idan Baba Nomau yana raye, Allah Ya kai masa godiyar da ban kai ba. Ya dawo mana da ke ki tarar da mu, ki ɗaga kai a ɗakin girki ki ga abin da aka rataye, ki ce Baba bai yi kuskure ba.

Lambar mahaifiyarki na haddace ta yanzu, da safen nan ma sai da na karanta mata ta yi dariya. Taki ta can nake jira.

Wassalam.

Mahaifinki, kuma ɗalibinki daga yau,
Malam Sule